Shin motar lantarki ta fi ta fetur saurin kamawa da wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Tun da aka cire tallafin mai nake tunanin komawa mota mai amfani da lantarki, har wani dillali ya nuna mini hotunan wata da za a shigo da ita daga Amurka a farashi mai sauƙi. Sai dai uwargida ta ce ba za a kwana da ita a gidan nan ba, saboda bidiyoyin da take gani a waya, mota na ci da wuta ana ta zuba ruwa ta ƙi mutuwa. Garejina a cikin gida yake, bango ɗaya da ɗakin yara. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, kai da uwargida kowa da gaskiyarsa. Motar lantarki lafiyayya ba ta kai motar fetur yawan kamawa da wuta ba, ko kusa. Amma ranar da batirinta ya kama, wutar tasa daban ce, kuma abin da Hajiya ta gani a bidiyo ba haɗi ba ne. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne wannan "farashi mai sauƙi", fiye ma da garejin. Zan dawo kansa.

A Sweden, hukumar da ke kula da agajin gaggawa ta ƙirga gobarar motoci ta shekarar 2022. Cikin motoci kusan 611,000 masu batir, har da masu haɗa batir da mai, 23 ne suka kama da wuta. Cikin motocin fetur da dizal kusan miliyan 4.4 kuwa, an samu gobara kusan 3,400. In ka yi lissafi, motar mai ta ninka ta lantarki kusan sau ashirin. Ba zan ce ka ɗauko wannan ashirin ɗin ka kawo Kano ba. Motocin lantarki na can yawancinsu sababbi ne, tsohuwar mota kuwa ita ce tiyonta ke tsagewa, wayoyinta ke zagwanyewa. Ƙasarsu sanyi gare ta, titunansu kuma sumul. Tazarar za ta ragu idan motocin suka tsufa, amma tana da faɗin da zai yi wuya ta juye.

To me ya sa kullum ta lantarki ake gani a waya? Saboda baƙon abu ne. Motar fetur ta ƙone a hanyar Zariya, mutane su yi salati su wuce, ba wanda zai tura wa ɗan'uwansa a Saudiyya. A watan Oktoban 2023 gobara ta cinye ginin ajiye motoci na filin jirgin saman Luton a Ingila, motoci sama da 1,300 suka lalace, wani sashe na ginin ya rufta. Kafin gari ya waye duniya ta yanke hukunci cewa motar lantarki ce. Da 'yan kwana-kwana suka gama bincike sai ga shi daga motar dizal wutar ta tashi. Mu nan mun saba da fetur har mun daina ganin haɗarinsa. Mutum zai sa jarka biyu a but ya kama hanya da iyalinsa, wani ya ajiye ta janareta a bayan ƙofar kicin. Alhali mun ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fashewar tankar mai ta ci rayuka fiye da 150, Allah ya jiƙansu.

Batirin mota ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne ɗaruruwa ko dubbai aka jera cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujeru. Tsohuwar Tesla Model S tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi sama da 7,000. A cikin kowace ƙwaya akwai shafuka biyu da ba a so su taɓa juna, an raba su da wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, an kuma jiƙa su da ruwan sinadari mai kamawa da wuta. Idan ledar nan ta huje ko ta narke, shafukan suka haɗu, ƙwayar sai ta ɗau zafi. Zafin ya tayar da sinadaran, su kuma su ƙara haifar da zafi, har ƙwayar ta fashe ta dafa maƙwabciyarta, ita ma ta dafa ta gaba. Da zarar abin ya kankama ba ya jiran iskar waje, don haka rufe shi da bargo ko yashi ko kumfa ba ya tsayar da abin da ke faruwa a ciki. Magani ɗaya ne, a sanyaya ƙwayoyin da ba su kama ba tukuna. Ga shi kuma akwatin an ƙera shi ne musamman don kada ruwa ya shiga, wato kariyar da ke tsare batirin daga ruwan sama ita ce ke tare ruwan mesar kwana-kwana.

Shi ya sa ruwan da ake zubawa yake da ban tsoro. Gobarar ƙaramar motar fetur, motar kwana-kwana ɗaya takan isa. Littafin da Tesla ta rubuta wa masu kashe gobara kuwa ya ce a tanadi galan 3,000, sama da lita 11,000. Da wata babbar motar dakon kaya ta kamfanin ta yi haɗari a jihar Kalifoniya a watan Agustan 2024, sai da aka zuba kusan lita 190,000. Sannan ga halin wutar ƙaiƙayi, a sama ta mutu, a ƙasa tana ci. A birnin Sakramento na jihar Kalifoniya, a watan Yunin 2022, wata motar lantarki ta yi sati uku a filin ajiye motocin da suka yi haɗari, ba abin da ya taɓa ta, rana ɗaya ta kama. Ana kashewa tana tashi, ƙarshe rami aka haƙa aka cika da ruwa aka tsoma ta. Ka auna wannan da halin da ofisoshin kwana-kwananmu suke ciki, inda wani lokacin ruwan mota ɗaya ma sai an yi jira. Wannan ɓangaren na uwargida ne, kuma ta yi gaskiya.

Sai dai batir ba ya kamawa haka siddan. Kusan ko yaushe in an bi diddigi akwai tarihi: ko an buge shi, ko ruwa ya shige shi, ko ya fito daga masana'anta da aibi.

Aibin masana'anta shi ne mafi sauƙin bincike. Shahararren misali Chevrolet Bolt. A 2021 kamfanin General Motors ya yi kiranyen duk waɗanda ya ƙera tun daga samfurin 2017, kusan mota 142,000, bayan an gano wasu ƙwayoyin da kamfanin LG ya yi suna ɗauke da aibi biyu a haɗe: wani ɗan harshen ƙarfe ya yage, ledar rabawar kuma ta naɗe. Kafin a canza batiran an umarci masu motocin su riƙa kwanar da su a waje, kada cajin ya wuce kashi 90. Hyundai ma a shekarar ta yi kiranyen motoci kusan 82,000, yawancinsu Kona, don a canza musu batir. A ƙasashensu kamfani zai aiko maka da takarda har gida. Motar da ta tsallako teku ta faɗa hannun na uku ko na huɗu, wa zai aiko wa? Don haka kai za ka bincika da kanka. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ita ce mabuɗin. In ka sa ta a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, kyauta zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi gyaransa ba.

Yanzu ga farashi mai sauƙi. Kowa ya san daga inda yawancin motocin Amurka masu araha suke fitowa: gwanjon kamfanonin inshora. Motar da ta yi haɗari ko ambaliya ta shanye, inshora ya biya mai ita, ya sayar da gawar, a loda ta zuwa Kwatano ko Legas, mai gyaran bodi ya buga, mai fenti ya fesa, ta fito tana ƙyalli. Da motar fetur wannan sana'a ta daɗe tana tafiya, in an yi rashin sa'a giya ta ba da matsala ko wayarin ya dame ka. Da motar lantarki lissafin ya canza, domin lotsawar da ba ta kai tafin hannu ba a ƙasan akwatin batir tana iya matse ƙwaya, ledar ciki ta raunana, motar ta ci gaba da tafiya lafiya lau na tsawon lokaci kafin abin ya bayyana. Fenti ba ya gyara wannan, kuma ba a ganinsa a hoton da dillali ya turo ta WhatsApp. Tun a 2013 aka san haka, lokacin da motocin Tesla biyu suka kama bayan sun taka ƙarfe a kan hanya, har kamfanin ya ƙara musu garkuwar ƙarfen titaniyam a ƙasa a 2014. Mu da muke da ramuka da tudun rage gudu wanda kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, tsayin mota daga ƙasa abin dubawa ne sosai.

Ta ambaliya ta fi muni. Bayan guguwar Ian ta afka wa jihar Fulorida a watan Satumban 2022, dubban motocin lantarki sun nutse a ruwan teku, gommai daga cikinsu suka kama da wuta, wasu bayan kwanaki, wasu bayan makonni. Ruwan ya bushe amma gishirin ya zauna, gishiri kuwa yana ɗaukar lantarki, sai ya yi gada tsakanin wuraren da bai kamata su haɗu ba. An sake ganin haka bayan guguwar Helene a 2024. Irin waɗannan motocin gwanjo suke tafiya, daga gwanjo kuma ka san inda suke nufa. Motar lantarkin da ruwan teku ya taɓa shanyewa, ko kyauta aka ba ni ba za ta kwana a gidana ba.

Kada wannan ya sa ka ji tsoron damina. Tuƙi cikin ruwan sama, wanke mota, ratsa ɗan ruwan da ya kwanta a titi, duk an yi motar don su. Nutsewa ce matsala, irin ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da motoci suka kwana cikin ruwa har rufi. Motar da ta shiga wannan hali ba a kunna ta, ba a sa mata caji, a ja ta fili a bar tazarar aƙalla mita 15 tsakaninta da gini ko wata mota har sai masani ya duba.

Zafin ranarmu fa? Ana yawan yi mini wannan tambaya. Digiri 44 na Sakkwato a watan Afrilu bai kai ya kunna batir ba, don ledar ciki sai zafi ya haura digiri 130 take fara narkewa. Abin da zafinmu ke yi shi ne tsufar da batir da wuri. Nissan Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, masu ita a birnin Finiks na jihar Arizona suka fara kuka tun 2012 cewa batirinsu na raguwa da sauri. Don haka nemi wadda ake sanyaya batirinta da ruwa. In da hali kuma ka zaɓi mai batirin LFP, wato wanda aka yi da ƙarfe da fosfet, irin wanda muke sa wa a sola yanzu. Ya fi mai nikel da kobalt jure zafi, ya fi shi wuyar tunzura, in ma ya tunzura bai kai shi hauka ba. Shi kamfanin motoci na Chana BYD ke amfani da shi a batirin da ta fitar a 2020 mai suna Blade, wanda ta yi tallarsa da soka masa ƙusa bai kama ba, Tesla ma tana sa shi a wasu ƙananan samfuranta. Aibinsa nauyi da ɗan gajarta tafiya. Ga mai zirga-zirgar cikin gari wannan ba asara ba ce. Chana ma ta tsaurara doka: a da sharaɗin shi ne batir ya ba mutanen cikin mota gargaɗin minti biyar kafin wuta ta iso su, sabuwar ƙa'idar da aka sa wa ranar 1 ga Yulin 2026 kuwa ta ce ko ƙwaya ɗaya ta tunzura, kada akwatin ya kama ko ya fashe.

Bari in zo inda na fi sani, wato bangon gidanka. A aikina na haɗa sola da wayarin, abin da na fi gani ya ƙone ba batir ba ne, soket ne da waya. Motar tana da kwamfutar da ke lura da zafi da cajin ƙwayoyinta, in ta ga abin da bai yi mata ba ta yanke. Soket ɗin garejinka ba shi da mai lura. Cajar da ake sawa a soket na gida tana jan kusan kilowat 2.3, kamar ka kunna hita mai dafa ruwa ka bar ta. Hita minti goma take yi a kashe, mota kuwa mai batirin kilowat-awa 60 sai ta haura awa 24 kafin ta cika daga ƙasa. Wayar da ta shekara goma tana ɗaukar fanka da talabijin ba ta taɓa ganin irin wannan nauyi ba. Ga kuma wayoyin kasuwa da ake rubuta 2.5 a jiki alhali tagullar ciki ba ta kai ba, wasu ma sanholo ne aka shafa wa ruwan tagulla. An taɓa kirana wani gida mai motar ya ce tana warin roba in tana caji. Motar ba abin da ya same ta. Na kwance soket ɗin na tarar bayansa ya narke ya yi baƙi, ga shi ya haɗa da doguwar wayar jona-jona irin ta cajin waya, an nannaɗe ragowarta a ƙarƙashin buhunan hatsi. Allah ne kawai ya kiyaye.

Abin da ya dace, a ja wa motar layinta ita kaɗai tun daga allon rarraba wuta. In cajar bango ce mai kilowat 7, tana jan amfiya 32, waya kada ta gaza murabba'in milimita 6 ta tagulla ta gaske, da abin yanke wuta nata, da na'urar da ke katsewa in wuta ta fara zurara, da mai tare tsawa da haukan wutar NEPA in ta dawo da ƙarfi. Sannan a kafa at na gaskiya, sandar tagulla a cikin ƙasa. Gidaje da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Cajar kirki in ba ta ji at ba sai ta ƙi aiki, a nan ne wani mai wayarin zai ce bari ya yi mata dabara, ya haɗe at da nutural. In ka ji kalmar dabara a wannan aiki, ka sallame shi.

Garejin kuma, ga darasin Koriya ta Kudu. Ranar 1 ga Agustan 2024 wata Mercedes EQE ta kama a garejin ƙarƙashin ƙasa na wani rukunin gidaje a Incheon. A ajiye take, ba a caji. An fi awa takwas ana fama, motoci da dama suka ƙone ƙurmus, ɗaruruwa suka lalace, mutum sama da 20 aka kai asibiti saboda hayaƙi. Abin da ya mai da gobarar mota ɗaya ta zama bala'in unguwa shi ne rufaffen wuri, da kuma bututun yayyafin ruwa na ginin da bai yi aiki ba. Hayaƙin batir yana ɗauke da iskar da ke ƙona huhu da wadda ke sumar da mutum, kuma in ya taru a rufaffen ɗaki yana iya fashewa. Irin gininmu kuwa ka sani, kowace taga da ƙarfe, ƙofar fita ɗaya. Don haka ni ba na son kowace irin mota, ta fetur ko ta lantarki, ta kwana jikin ɗakin yara in akwai wani wurin. In kana da fili a harabar gida, kafa rumfar kwano nesa da tagogin ɗakunan kwana, inda ko ta kama ba za ta tare muku hanyar fita ba. In ba fili, to bangon ya zama na bulo har sama ba tare da taga ko ƙofa zuwa ɗakin ba, garejin ya samu mashigar iska, ka kafa na'urar jin hayaƙi mai ƙara a ciki da kuma a barandar ɗakunan. Kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Jarkar man janareta kuma ta bar wurin.

In da za a tambaye ni inda nake jin tsoron gobarar batir a garuruwanmu nan gaba, ba zan nuna motoci ba, zan nuna babura da kekunan lantarki da batiran da ake harhaɗawa a kasuwa. A birnin New York, a 2023 kaɗai, batiran litiyam sun haddasa gobara 268, mutum 18 suka rasu, yawanci daga kekuna da babura da ake caji a cikin ɗaki. A Nanjing ta Chana, a Fabrairun 2024, wuta ta tashi daga inda ake ajiye baburan lantarki a ƙasan wani bene, ta kashe mutum 15. Batir mai araha, caja ba tasa ba, a kwana ana caji a bakin ƙofa. Nan ma na ga yara masu hazaƙa suna farke tsofaffin batiran kwamfuta suna jera ƙwayoyin da dalma suna sayar wa masu sola da masu Adaidaita, ba tare da allon da ke lura da caji ba. In akwai irin wannan a gidanka, ya fi motar da kake shirin saye haɗari nesa ba kusa ba.

Idan kuma abin ya faru, Allah ya kiyaye, batir yakan yi gargaɗi: rubutu a allon gaban direba, ƙara kamar tsaki ko fashewar gugguru daga ƙasa, wani wari mai hawa kai, farin hayaƙi mai kauri yana fitowa ta ƙarƙashi. Ka tsaya, ka kashe, kowa ya fita, ku yi nisa ta ɓangaren da iska ke tahowa. Tun ranar da ka sayi motar ka koyi inda hannun buɗe ƙofa na gaggawa yake, ka koya wa Hajiya da yara, don wasu motocin da maɓalli ake buɗe su, in wuta ta ɗauke maɓallin ya mutu. In tana caji, a kashe daga babban layi kafin kowa ya kawo ruwa. Ka kira kwana-kwana ko 112, kalmar farko ka ce motar lantarki ce. Tukunyar kashe gobara ta cikin mota tana da amfani in kujera ce ko taya ko waya ta kama, amma ba ta iya komai da batir. Masu taruwa da bokiti da masu ɗaukar bidiyo a kore su, don harshen wutar yakan yi tsiri ta gefe kamar na mai walda. Bayan ta mutu kada a ja ta cikin gida ko cikin garejin bakanike, fili za a kai ta a sa ido. Wayoyi masu ruwan lemo da ke jikinta suna ɗauke da bolt 400, wasu 800, bakaniken da bai koyi aikin ba kada ya taɓa su, mai walda kuma kada ya kusanci ƙasanta.

Game da wannan da dillali ya nuna maka, kafin ka ba da ko sisi ka karɓi lambar shasi. Da ita za ka ga ko ta bi ta gwanjon inshora, sau da yawa har hotunan ranar da aka sayar da ita suna nan a intanet, da jihar da ta fito, da abin da aka rubuta ya same ta. In an rubuta ambaliya, ko bugun ya shafi ƙasa ko gefen da batir yake, ka haƙura. In ta tsallake wannan, idan ta iso a ɗaga ta sama a duba akwatin da fitila, a sa kwamfuta a karanta lafiyar batirin da bambancin cajin ƙwayoyinsa, a ɗaga kafet a duba laka da tsatsa a ƙafafun kujeru. Ka tafi da Hajiya wajen dubawar, ta gani da idonta. In kuwa dillalin ya fara kwana-kwana a kan ba da lambar, ka bar masa motarsa.